Batirin na'urata ba ya wuce kwana 2: wane maikirokwantirola zan saya?

Tambaya

Assalamu alaikum, Injiniya. Na haɗa wata 'yar na'ura da ke auna ruwan tanki a gona, ta turo saƙon tes idan ruwa ya yi ƙasa. Na yi amfani da allon Arduino Uno, da SIM800L, wato modem mai ɗaukar sim da ke tura tes, da sensa mai auna nisa da sauti. Tana aiki lafiya, amma batir ba ya wuce kwana 2. An ba ni shawarar in koma kan maikirokwantirola mai ƙarancin cin wuta. Wanne zan saya, kuma waɗanne kayan aiki zan nema, ganin cewa aljihuna ba shi da nauyi?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aikin albarka. Tukuna kar ka sayi komai, domin IC ɗin da ke kan Uno ɗinka, wato guntun maikirokwantirola mai suna ATmega328P da ke zama ƙwaƙwalwar allon, ba shi ne ke shanye maka batir ba. Takardar bayanan kamfanin da ya ƙera shi ta nuna cewa idan ya shiga barcinsa mafi zurfi, abin da yake ja bai wuce kusan 0.1 µA ba. Shi kuwa allon Uno gaba ɗayansa yana jan wajen 45 zuwa 50 mA, ko yana aiki ko yana zaune. Ka tuna mA da µA ma'aunan wutar da na'ura ke ja ne, kuma 1 mA daidai yake da 1,000 µA. Ko da ka kwantar da babban IC ɗin, sauran abubuwan da ke kan allon idonsu biyu: reguletar da ke rage ƙarfin wuta, ƙaramin IC ɗin da ke magana da kwamfuta ta USB, da 'yar fitilar nan da ke nuna akwai wuta. An ƙera Uno ne domin koyo a kan tebur, yana maƙale da kwamfuta. Mutanen Ivrea ta Italiya da suka fara Arduino a 2005 ɗalibai suke tunani, ba tanki a bayan gari ba.

Yi lissafin da kanka. Batirin litiyam na 18650 mai kyau yana ɗauke da kamar 2,500 mAh, wato mA sau awannin da zai yi yana ba da ita. Raba shi da 50 mA, ka samu awa 50. Ƙara SIM800L da ke kunne dare da rana yana sauraron eriyar kamfani, sai awannin su ƙara raguwa. Ka ga kwana 2 ɗin da kake samu ba matsala ba ce da ta faɗo daga sama, abin da lissafi ya bayar ke nan.

Fara da kasafin wuta

Shekara tana da awa 8,760. Idan kana son batirin 2,500 mAh ya kai shekara, matsakaicin abin da na'urar za ta ja kar ya wuce 285 µA. Rage wani abu saboda tsufan batir da zafi, mu ce 200 µA. Wannan shi ne jarinka, kuma kowane ɓangare na na'urar zai ci daga cikinsa.

Yanzu mu raba. A ce na'urar tana farkawa duk bayan minti 15, ta kunna sensa, ta auna, ta koma barci, duka cikin kashi 1 bisa 5 na daƙiƙa, tana jan 20 mA a wannan ɗan lokacin. Idan ka baza wannan a kan daƙiƙa 900, ya zama kamar 4.4 µA. A ce tana tura tes sau 2 a rana, kowane karo SIM800L yana ɗaukar daƙiƙa 40 kafin ya kama sabis ya tura, yana jan matsakaicin 100 mA. Baza wannan a kan awa 24, ya zama kamar 93 µA. A ce lokacin barci allon gaba ɗaya yana jan 10 µA. Jimla ta kama wajen 107 µA. Akwai kuma wani mai ci da mutane ke mantawa da shi: batirin litiyam yana zubar da cajinsa da kansa ko ba a jona shi da komai ba, kamar kashi 2 cikin 100 a wata, wanda a batirinka ya yi daidai da kusan 70 µA, kuma yana ƙaruwa idan wuri ya yi zafi.

Dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Idan ka bar IC mai barci da 5 µA ka sayi mai barci da 0.5 µA, ka tsira da 4.5 µA. Idan ka rage tes daga 2 zuwa 1 a rana, ka tsira da fiye da 45 µA, ba tare da ka sayi komai ba. Shi ya sa nake cewa a aikinka zaɓen IC shi ne ƙaramin al'amari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a kashe SIM800L ɗungurungum idan ba a buƙatarsa, a kashe sensa, sannan a toshe duk wata kafa da wuta ke tsiyaya lokacin barci. Randar da ke ɗiga ta gindi tana ƙarewa ko ba wanda ya sa moɗa a ciki.

Alƙaluman 20 mA da 100 mA da daƙiƙa 40 misali ne na lissafi. Naka za ka samo su ne da awo, kuma zan zo kan wannan. Inda sabis ke da rauni, modem yana daɗewa yana nema kuma yana ƙara ƙarfin watsawa, saboda haka ka sa masa iyaka a cikin manhajarka: idan bai kama sabis cikin minti 1 ko 2 ba, a kashe shi a sake gwadawa an jima. Na'urori da dama batirinsu yana mutuwa ne a dare ɗaya da sabis ya ɗauke, modem ya kwana yana lalube.

Abin da zan yi da a ce ni ne kai

Tunda ka riga ka iya Arduino, tsaya a kan ATmega328P, amma ka raba shi da allon Uno. Hanya biyu ce. Ko ka sayi IC ɗin shi kaɗai, mai ƙafa 28, ka dasa shi a allonka, ko ka sayi ƙaramin allon Arduino da ake kira Pro Mini, mai 3.3 V da 8 MHz, ka ɗauki ƙarfen dalma ka cire fitilar wuta da reguletar da ke kansa. A gudun 8 MHz wannan IC yana aiki daga 2.7 V har 5.5 V. Batirin litiyam kuwa yana tsakanin kusan 3.0 V da 4.2 V, shi kuma SIM800L yana son 3.4 zuwa 4.4 V. Ma'ana kana iya jona su biyun kai tsaye a kan batir, babu reguleta ko ɗaya. Abin da babu shi a allo ba ya cin wuta. Sai dai ka tabbata batirin yana da da'irar kariya da za ta yanke shi idan ya yi ƙasa sosai. 'Yan allunan caji na TP4056 masu ɗauke da DW01 suna yin wannan, kuma 'yan µA kaɗan suke ci.

A ɓangaren manhaja, umarnin delay() ba barci ba ne. IC ɗin yana nan yana ƙirga lambobi da cikakken ƙarfinsa har lokacin ya cika. Barci na gaskiya shi ne ka tsayar da agogon cikinsa, ka bar wani ƙaramin abu da zai tashe shi. A ATmega328P mafi sauƙi shi ne agogon gadi na ciki, wanda ke cin kamar 4 zuwa 5 µA kuma mafi tsawon wa'adinsa daƙiƙa 8 ne. Sai ya farka, ya ƙara 1 a ƙirga, ya koma. Idan ƙirgar ta kai minti 15 sai ya yi awo. Kafin ya kwanta ka kashe sashen ADC, wato mai mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba, domin idan ka bar shi a kunne yana iya cin ɗaruruwan µA. Haka ma sashen da ke lura da faɗuwar wuta, yana cin wajen 20 µA, kuma ana iya kashe shi a lokacin barci kaɗai.

Modem da sensa ka ba su wuta ta MOSFET, wato makunnin lantarki, nau'in P, irin su AO3401, wanda ƙafa ɗaya ta IC za ta riƙa buɗewa da rufewa. SIM800L yana fizgar wuta har 2 A na ɗan ƙiftawar ido lokacin da yake watsawa, saboda haka ka sa masa kafasita babba, kamar 1,000 µF, dab da ƙafafunsa, da wayoyi gajeru masu kauri. Yawancin korafin "modem ɗina yana kashe kansa" daga nan yake. Akwai kuma tarko ɗaya da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'ar: ka yanke wa modem wuta, amma ka bar ƙafar TX ta IC ɗinka, wadda ke aika wa modem bayani, a sama, wato da wuta a kanta. Wuta sai ta bi ta wannan ƙafar, ta ratsa dayod ɗin kariya da ke cikin modem, ta ci gaba da ciyar da shi ta bayan gida. Duk ƙafar da ke haɗe da abin da ka kashe, ka saukar da ita ƙasa ko ka mayar da ita ta shigarwa kafin barci.

Ga wasu ƙananan kafofin tsiyaya. Resista 10 kΩ da ke jan ƙafa sama, idan makunni ya haɗa ta da ƙasa, tana zubar da 330 µA a 3.3 V, wannan kaɗai ya fi dukkan jarinka. Resista biyu na 100 kΩ da ake jerawa domin auna batir suna cin 21 µA a 4.2 V, dare da rana. Ba ka ma buƙatarsu, domin ATmega328P yana iya auna wutar da ke ciyar da shi ta hanyar gwada ta da ma'aunin 1.1 V da ke cikinsa. Ƙafafun da ba a jona su da komai ba kuma aka bar su suna lilo, su ma suna jawo ɓarnar wuta. Ka ba kowace matsayi tabbatacce. Idan wata rana dole ta sa ka yi amfani da reguleta, guji AMS1117, wadda ke kan yawancin alluna masu araha, domin ita kanta tana cin kamar 5 mA ko ba ta ciyar da komai. MCP1700 tana cin 1.6 µA, HT7333 kamar 4 µA, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Sannan ka tambayi kanka ko kana buƙatar sanin zurfin ruwan santimita bayan santimita. Idan abin da mai gona yake so shi ne "ya cika" da "ya kusa ƙarewa", makunni mai yawo a kan ruwa guda 2 ya wadatar. Ba ya cin wuta, ba ya damuwa da raɓar da ke taruwa a murfin tanki, kuma shi da kansa zai tashi IC daga barci idan ruwa ya motsa shi. Ka ja ƙafarsa sama da resista 1 MΩ ta waje maimakon ta cikin IC, wadda ke tsakanin 20 da 50 kΩ. Idan kuwa sai da sensa mai sauti, nemi mai jure ruwa irin JSN-SR04T, ka sani ba ya ganin abin da ya matso shi ƙasa da kamar santimita 20 zuwa 25.

Kar ka yi tunanin fawabank zai warware maka. Da yawansu suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, suna ɗauka waya ta cika. Da zarar na'urarka ta koyi barci, fawabank zai yanke mata wuta.

Yaushe ne IC na musamman yake biyan kuɗin sabulu?

Lokacin da batirin ya zama ƙarami ƙwarai, ko ake son shekaru. Batirin CR2032, mai kamar kwabo, yana da kusan 225 mAh. Idan ana son ya yi shekara 5, matsakaicin ja ba zai wuce kamar 5 µA ba. A nan agogon gadin ATmega328P shi kaɗai ya cinye kasafin. To a irin wannan aiki ne ake neman waɗanda aka ƙera domin barci.

Dattijo a cikinsu shi ne MSP430 na Texas Instruments, mai bit 16, wanda ya fito tun farkon shekarun 1990 kuma ya cika mitocin ruwa da na wuta da kayan awon asibiti. MSP430G2553 yana jan 230 µA a gudun 1 MHz, 0.5 µA a barcin da agogo ke tafiya, 0.1 µA a mafi zurfi, kuma yana farkawa cikin ƙasa da kashi 1 bisa miliyan na daƙiƙa. Wannan saurin farkawa yana da daraja, domin IC mai jinkirin tashi yana ƙona wuta yana miƙa. A 2010 kamfanin ya fitar da allon LaunchPad a kan dala 4.30, da IC biyu da wayar USB a cikin kwalin, da na'urar loda manhaja da bin diddigin kuskure a kan allon. Wannan farashi ya girgiza kasuwa, domin kafin nan irin waɗannan kayan sai kamfani ko jami'a. Daga 2011 suka fara fitar da masu ma'adana nau'in FRAM, wadda ake rubutawa da sauri da wuta kaɗan, kuma kusan ba ta gajiya. Amfaninta yana fitowa ne ga mai adana bayanai: EEPROM ɗin ATmega328P, wato ma'adanar da ke riƙe bayanai ko an ɗauke wuta, an yi mata alƙawarin rubutu 100,000 a kowane gurbi, idan kana rubuta gurbi ɗaya duk minti 15 ka yi 35,040 a shekara, kafin shekara 3 ka cinye shi. Raunin MSP430 shi ne ma'adanarsa ƙarama ce (G2553 yana da 16 KB na manhaja da bait 512 kacal na aiki), kuma masu rubuta sababbin ɗakunan manhaja sun fi karkata ga Arm. Shi kansa kamfanin ya fito da jerin MSPM0 masu Cortex-M0+ a 2023.

Idan kana son abin da za ka koya ya yi maka amfani shekaru masu zuwa, ni STM32 zan nuna maka, jerin L0 ko L4 na STMicroelectronics. STM32L476, misali, yana tsayawa a kan 1 µA da 'yan kai da agogon kwanan wata yana tafiya da duk abin da ke ma'adanarsa a tsare, ya tashi a daidai lokacin da ka sa masa ko da bayan awanni ne. Allunan Nucleo suna kama dala 10 zuwa 20, kuma kowanne yana da ST-LINK, wato na'urar loda manhaja, a jikinsa, wanda za ka iya amfani da shi wajen loda allunan da ka ƙera da kanka. Akwai 'yar gada a kan allon da aka rubuta wa IDD. Idan ka cire ta ka sa mita a wurin, za ka ga abin da IC ɗin kaɗai yake ja. Akwai ma STM32WL, wanda ya haɗa IC da rediyon LoRa, mai aika bayani nesa da wuta kaɗan, a guntu ɗaya. Shi kuwa shuɗin allon nan mai arha da ake kira Blue Pill, STM32F103 ne a kansa, ba na jerin masu barci ba ne, kuma tun ƙarancin IC na 2020 zuwa 2022 da yawa daga waɗanda ke yawo a kasuwa kwaikwayo ne da aka buga wa sunan ST. Araha ba ta ado.

Sauran zan bi su a gurguje. nRF52 na Nordic, kamfanin ƙasar Norway, shi ne zaɓi idan na'urar za ta yi magana da waya ta Bluetooth. Yana barci da kamar 2 µA. EFM32 na Silicon Labs yana da kyau, allunansa suna zuwa da ma'aunin wuta, sai dai samunsa a nan sai an yi oda. ESP32 na Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016, guntun kansa yana barci da kamar 10 µA, amma WiFi ɗinsa yana kaiwa 240 mA, kuma yawancin allunansa suna ɗauke da AMS1117 da IC na USB, sai ka ga allon da ya kamata ya ja 10 µA yana jan mA da dama. A gonar da babu WiFi ba shi da abin yi. Raspberry Pi Pico, da ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, allo ne mai daɗin aiki, amma ko a barcinsa mafi zurfi yana jan kusan 1 mA, saboda haka ba na wannan fage ba ne. CH32V003 na kamfanin WCH da ke Nanjing, mai tsarin RISC-V, ana sayar da shi kusan santi 10 idan an sayi da yawa, yana barci da kamar 10 µA. Idan wata rana za ka ƙera na'ura 1,000 ka tuna da shi.

Akwai kuma dabarar da ke mayar da kowane allo mai ƙarancin ci: guntun TPL5110, agogo ne kawai mai cin 35 nA, wanda ke yanke wa allon gaba ɗaya wuta, ya dawo da ita bayan wa'adin da ka zaɓa da resista, har zuwa awa 2. Allon ya yi aikinsa, ya ba shi alama ya gama, a sake yankewa. Da shi ko Pico ko ESP32 sai su kai watanni.

Kayan aiki

Manhajojin rubutu ba su da kuɗi yanzu. A da Code Composer Studio na kyauta yana tsayawa a 16 KB, Keil a 32 KB, cikakken lasisi kuma dubban daloli. Yau Code Composer Studio, STM32CubeIDE, Arduino IDE, PlatformIO da GCC duk kyauta ne. Abin da za su ci maka shi ne data, domin wasunsu sun kai gigabait 1. Sauke sau ɗaya inda intanet ke da arha, ka ajiye a filash, ka raba wa abokan aiki. Domin ATmega328P tsirara ka ƙara MiniCore a Arduino IDE, zai ba ka damar zaɓar agogon ciki na 8 MHz. Uno ɗin da kake da shi zai iya zama mai loda masa manhaja, ko ka sayi USBasp, wanda bai wuce 'yan daloli ba. A STM32CubeMX akwai sashen lissafin wuta da za ka jera matakan aikin na'ura ya ba ka kiyasin kwanakin batir.

Inda nake so kuɗinka ya tafi shi ne awo. Ka mallaki mita mai ma'aunin µA. Ba kowace ke da shi ba, ka duba kafin ka biya. Amma ka san halinta. Mita tana auna wuta ne ta hanyar ratsa ta cikin wata resista, kuma a ma'aunin µA wannan resista a mitoci da dama tana kai 100 Ω. Na'ura tana barci babu damuwa. Da ta farka ta ja 20 mA, sai 2 V ya faɗi a cikin mitar, IC ya rasa wuta ya sake tashi daga farko, kai kuma ka zauna kana zargin manhajarka. Maganin mai sauƙi ne: sa makunni ko 'yar waya da ta haɗe bakin mitar biyu, ka bar na'urar ta tashi ta shiga barci, sannan ka buɗe ka karanta. Ka kuma zare wayar loda manhaja kafin awo, domin ita ma tana ba da wuta ko tana ja.

Idan ba ka da irin wannan mita, kafasita za ta yi maka aiki. Caja kafasita 4,700 µF, ciyar da na'urar daga gare ta, cire batir, ka duba yadda ƙarfin wutar ke sauka. Idan ya sauka da 0.1 V cikin daƙiƙa 100, abin da ake ja 4.7 µA ne: girman kafasita sau faɗuwar wuta, a raba da lokaci. Fara gwada kafasitar ita kaɗai ka ga nata zubar, ka cire shi daga lissafi, kuma ka riƙa taɓa mitar lokaci-lokaci maimakon barin ta a jone. Kyawun wannan hanya shi ne tana haɗa barci da farkawa ta ba ka matsakaici na gaskiya.

Ranar da ka samu hali, sayi Power Profiler Kit II na Nordic. Yana kusan dala 100, yana auna daga 200 nA har 1 A, sau 100,000 a daƙiƙa, yana zana maka komai a kwamfuta, kuma yana aiki da kowane irin allo, ba sai na Nordic ba. A nan za ka ga da idonka cewa sensar da ka ɗauka tana kashewa ba ta kashewa, ko wani ɗakin manhaja yana riƙe IC a farke rabin daƙiƙa yana jiran abin da ba zai zo ba. Idan ku uku ne ko huɗu kuke irin wannan aiki, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya. Wasu allunan LaunchPad na FRAM suna da irin wannan a jikinsu, ana kiran sa EnergyTrace. Bayan shi sai 'yar na'urar leƙen sigina mai layi 8 da 24 MHz, wadda ba ta wuce dala 10 ba, tana aiki da PulseView na kyauta. Da ita za ka karanta ainihin abin da IC da modem ke faɗa wa juna. Osiloskof zai iya jira.

Allon gwaji mai ramuka na tebur ne. Abin da zai zauna a gona ka liƙe shi da dalma, ko ka zana allonka da KiCad, wanda kyauta ne. Masana'antun Shenzhen irin su JLCPCB suna buga ƙananan alluna 5 a kan 'yan daloli, kuɗin kawowa ne ya fi na bugawa. Resista, kafasita, dalma da mita za ka samu a Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas. IC na musamman da MOSFET kuwa gara ka yi oda daga dillalai irin su LCSC, Mouser ko DigiKey. Bayan liƙi ka wanke allon da sipirit, domin ragowar man dalma idan ta sha danshin damina tana iya zubar da 'yan µA tsakanin ƙafafu.

Zafi

Duk alƙaluman barci da ka gani a shafin farko na takardun kamfanoni an auna su ne a digiri 25. Tsiyayar wuta a cikin IC tana hauhawa da zafi, kuma idan ka buɗe teburan da ke can ciki za ka ga a digiri 85 ta ninka sau da yawa. A Sakkwato ko Maiduguri iska kanta tana haura digiri 40 a watan Afrilu, balle cikin baƙin akwatin roba da rana ke duka. Yi amfani da farin akwati, ka rataye shi a inuwar ƙarƙashin tanki. Batir ya fi IC shan wahala: litiyam na 18650 ba a so a caja shi sama da digiri 45. Idan za ka sa sola, LiFePO4 mai 3.2 V ya fi jure zafi, amma ƙarfinsa bai kai abin da SIM800L ke so ba sai an ɗaga. Ni a aikinka ba zan sa sola ba. Na'urar da ke cin ƙasa da 3 mAh a rana za ta shekara da batir ɗaya, a canza shi lokacin da ake wanke tanki, kuma babu faifan da zai ja idon masu hannu da sauri ko ƙurar hunturu ta rufe. Sai dai batirin ya zama na gaskiya. 18650 mafi girma da manyan kamfanoni ke yi yana wajen 3,500 mAh, saboda haka duk wanda ka ga an rubuta masa 9,900 mAh ka ajiye shi inda ka gan shi.

Idan ka haɗa sabon allon, loda masa manhajar da ba ta yin komai sai barci, ba sensa, ba modem, ka auna. Ya kamata ka ga ƙasa da 10 µA. Idan ka ga mA, fitila ce ko reguleta ba ka cire ba. Idan ka ga 200 ko 300 µA, duba ADC. Idan wajen 100 ne, wata ƙafa ce da aka ja sama take haɗe da ƙasa. Idan lambar tana rawa duk sanda ka kawo hannu kusa, akwai ƙafar da ke lilo. Sai wannan ya daidaita za ka ƙara sensa ka sake aunawa, sannan modem ka sake aunawa, ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta kowace lamba a littafi. Idan wata ta ƙi sauka, turo mini ita da zanen haɗin wayoyinka mu duba tare.